Ƙodar da ta shekara 4 lafiya lau, yau an ce jiki ya ƙi ta: ta yaya?

Ɗan_Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a zauren nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Shekara 4 ke nan da aka yi wa Yayana dashen ƙoda. Ƙanwarmu ce ta ba shi, uwa ɗaya uba ɗaya. Aiki ya yi kyau, ya koma kasuwa, ya murmure, har haihuwa aka yi masa bayan nan. Kiriyatinin ɗinsa, wato awon jinin da ke hawa in ƙoda ta fara gazawa, kullum tsakanin 105 ne da 120. Watan jiya ƙafafunsa suka fara kumbura, fitsarinsa yana kumfa kamar an zuba omo. Da aka auna sai ga 196. Aka tsakuro tsokar ƙodar da allura, sakamako ya fito, likita ya ce antibodi, wato makamin da garkuwar jiki ke ƙerawa don yaƙar baƙon abu, shi ne ke cin ta, wai jikinsa ya ƙi ta. Abin da na kasa ganewa shi ne, in jiki zai ƙi abu ai tun farko zai ƙi. Ta yaya zai karɓe ta shekara 4 sannan ya juya mata baya? Ni a ganina ko dai tun farko ba a yi gwajin dacewa da kyau ba, ko kuma yanzu ba a gano ainihin ciwon ba. Don Allah wanda ya sani ya warware mini.

Hajiyar_Gida: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ita kuma ƙanwar taku Allah ya saka mata da Aljanna.

Gaskiya_Ɗaci: Tunanina ke nan ni ma. Uwa ɗaya uba ɗaya fa, jini ɗaya! Ku nemi takardun gwajin farko ku kai wani wurin a duba. Talaka ba kasafai ake gaya masa gaskiya ba.

Mai_Awon_Jini: Malam Gaskiya_Ɗaci, ka yi haƙuri, jini ɗaya da muke faɗa a gida daban, na ɗakin awo daban. A jikin ƙwayoyin halittar mutum akwai wasu alamomi da ake kira HLA. Ka ɗauke su kamar tsagar gado a fuska: da su garkuwar jiki take gane ɗan gida da baƙo. Kowa ƙunshi biyu yake da shi, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Shi uban ƙunshi biyu gare shi, uwar ma haka, kuma kowane ɗa da wanda yake dacewa da shi. Saboda haka in ka ɗauki shaƙiƙai biyu, yiwuwar su yi daidai gaba ɗaya 1 ce cikin 4, su haɗa rabi 2 cikin 4, su zama ba su haɗa komai ba 1 cikin 4. Ana samun wa da ƙani ciki ɗaya da a wajen HLA kamar baƙi suke ga juna. Tagwaye 'yan ƙwai ɗaya ne kawai jiki ba ya bambancewa, shi ya sa dashen ƙoda na farko da ya ɗore, wanda Joseph Murray ya yi a Boston a 1954, tsakanin tagwaye aka yi shi. Sannan gwajin haɗa jinin da ake yi kafin aiki, abin da ke cikin jinin a ranar yake nunawa. Ba ya faɗin abin da jiki zai ƙera nan da shekara 3.

Likita_Sabongari: Ɗan'uwa Ɗan_Fagge, sannu da ɗawainiya. Ban ga majinyacin ba, don haka bayani kawai zan yi, hukunci yana hannun likitansa.

Da a ce tun farko akwai antibodi mai ƙarfi a jininsa aka dasa ƙodar a kai, da ba ta kai ko kwana ba. Irin wannan, ana sake jijiya jini ya shiga, ƙodar da ya kamata ta yi ja sai ta yi shuɗi ta yi laushi tun majinyaci yana kan tebur. A 1969 Patel da Terasaki a Los Anjeles suka nuna cewa cikin dashe 30 da gwajin haɗa jini ya nuna akwai antibodi, 24 sun lalace nan take, amma cikin 195 da gwajin ya fita fes, 8 ne kawai. Tun daga nan gwajin ya zama dole, kuma wannan irin ƙin ya yi wuyar gani. Ƙodar da ta yi shekara 4 tana aiki ta riga ta ba da shaidar cewa ba wannan ba ne.

Abin da ka kwatanta ya fi kama da antibodin da jiki ke ƙerawa daga baya, wanda muke kira sabon DSA, wato wanda aka ƙera musamman don alamomin mai ba da ƙodar. Garkuwar jiki ba ta taɓa yarda ƙodar nan tata ce ba, ko rana ɗaya. Magani ne ya danne ta. Duk lokacin da dannewar ta yi sako-sako, sai ta leƙa ta ga baƙuwar tsaga, ta fara ƙera makami. Antibodin yana maƙalewa ne a bangon ƙananan jijiyoyin jinin ƙodar, ya jawo kumburi, wurin ya warke da tabo, ya sake kumbura, ya sake tabo, har matatar ƙodar ta yi kauri ta fara yoyon furotin. Kumfar nan da kuka gani ita ce. Mugun abin shi ne ba zafi, ba zazzaɓi. Kafin kiriyatinin ya motsa sau da yawa an yi watanni ko shekaru ana ɓarna.

A wani bincike da aka yi a Manitoba ta Kanada, aka fitar a 2012, an bi mutum 315. Kashi 15 cikin 100 sun ƙera sabon DSA, a matsakaici bayan shekara 4 da rabi da 'yan kai. Ka ga lokacin Yayanka ke nan. Bayan shekara 10, ƙodar da ke aiki a cikinsu kashi 57 ce, a waɗanda ba su ƙera ba kashi 96.

Tambayata, kuma ba don zargi ba: yaya shan maganinsa yake a shekara 2 da suka wuce? An taɓa rage masa? An yi masa ƙarin jini?

Ɗan_Fagge: Na gode Likita, yanzu na fara ganin haske. Ƙarin jini ba a yi masa ba tun bayan aiki. Magani kuwa yana sha, mutum ne mai tsari, har ƙararrawa ya sa a waya.

Maman_Ikram: Bari in sa baki a kan maganar gwaji, don ni ya taɓa tsayar mini da aiki. Haihuwata 7. Da ƙodata ta gaza maigidana ya ce shi zai bayar, rukunin jininmu ɗaya, mun gama murna. Aka haɗa jininmu, likita ta kira mu ta ce ba zai yiwu ba, jinina yana yaƙar nasa. Wallahi a mota babu wanda ya yi wa wani magana har muka isa gida. Har wata daga dangi ta ce wai alama ce ta ba na ƙaunarsa a zuci. Daga baya likitar ta zaunar da mu ta ce kowane cikin da na ɗauka, rabin alamomin jaririn na ubansa ne, jikina ya gan su sau 7 ya haddace. Babban ɗana ma da ya zo, shi ma aka ce a'a, don alamomin uban ne a jikinsa. Ƙanina ne ya dace a ƙarshe. Shekara 6 ke nan, alhamdulillah. Mata 'yan uwana, ku faɗa wa likita adadin cikin da kuka yi har da ɓari, kada ku ƙirga masu rai kawai.

Nas_Wankin_Ƙoda: Maman_Ikram kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Hanya uku jiki ke haddace alamomin wani: ciki, ƙarin jini, da dashen da aka taɓa yi. Na biyun nan mu a ɗakin wanki kullum muke gani. Majinyaci jininsa ya yi ƙasa, allurar ƙara jini ta EPO da ta sinadarin ƙarfe sun yi masa tsada, sai dangi su ce a ƙara masa leda ɗaya kawai, ga ƙaninsa nan zai bayar. To ƙanin nan shi ne gobe za a kawo ya ba da ƙoda, alhali an riga an gabatar da shi ga garkuwar majinyacin. In akwai niyyar dashe, duk wanda ake sa ran zai ba da ƙoda kada ya ba da jini. In rai ne ke hannun Allah ana buƙatar jini, a ƙara, ba musu, amma a nemo na wani.

Ɗan_Maraɗi: Anti Nas, da na san wannan da wuri. Leda 9 aka ƙara mini kafin in tafi waje. Da suka auna suka ce jinina yana yaƙar mafi yawan mutane. Sai da aka yi mini wankin ruwan jini, wato na kwashe antibodi, sau 5 kafin aiki, kuɗin da muka tanada ya ƙare tun ba a shiga ɗakin tiyata ba.

Gaskiya_Ɗaci: To duk na ji. Amma yaron nan ya ce Yayansa yana shan magani, ba a ƙara masa jini ba, namiji ne ba ciki ya yi ba. Saura me? Ai maganata ta dawo.

Mai_Awon_Jini: Ba ta dawo ba Malam. Takardar tsokar da aka tsakuro ba ra'ayin likita ɗaya ba ce. Akwai ma'aunin da duniya ke bi, wanda aka fara tsarawa a garin Banf na Kanada a 1991, ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci. Ana duba kumburi a ƙananan jijiyoyi, ana shafa wani rini a nemi C4d, wato sawun da antibodi ke bari in ya yi aiki a wurin, sannan a nemi DSA a jini. Tun 2013 ma an yarda ana samun cutar ko da C4d bai fito ba. Ɗan_Fagge, duba takardar ko an rubuta cg da lamba a gabansa. Shi ne ke nuna yawan tabon matata. Neman ra'ayin likita na biyu haƙƙinku ne, amma ku nema kuna kan magani, kada ku tsaya.

Ɗan_Fagge: 'Yan uwa na dawo, kuma jikina a sanyaye yake. Bayan tambayar Likita na je gidan na sami matar Yaya a kicin na tambaye ta. Ta yi shiru, sai ta fara kuka. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mini kwalin takrolimus, maganin danne garkuwar jikin da yake sha, ta ce wannan da wata ɗaya yake yi, yanzu wata biyu yake kaiwa. Tun da Naira ta faɗi a 2023 kuɗin magani ya ninka, sai ya koma shan na safe kawai, na dare ya bari. Ɗayan maganin, maikofenolet, in ya ƙare sai ya yi sati biyu bai saya ba. Ƙararrawar tana bugawa ƙarfe 8 na dare, ya kashe ta, ya shiga ɗaki kamar zai sha. In ranar asibiti ta kusa sai ya koma sha daidai kwana 4 ko 5, don awo ya fita da kyau. Ya rantsar da ita kada ta faɗa wa kowa, wai ya riga ya cinye dukiyar gidanmu sau ɗaya, ba zai sake ba. Takardar kuma na duba, cg1 aka rubuta.

Hajiyar_Gida: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abu_Sumayya: Gaskiya bai kyauta ba. Yarinya ta kwanta an yanka ta ta ba ka sashen jikinta, amana ce fa. Ko bara ce ai sai ya yi.

Baban_Sadik: Abu_Sumayya, ɗana, sassauta. Shekarata 11 da dashe, bari in gaya maka abin da ba a faɗa. Ranar da aka sallame ka kowa yana murna, an yi sadaka, an ɗauka magana ta ƙare. Masu taimako sun taimaka a kan aiki, babu wanda ya yi lissafin cewa kowane wata har ƙarshen rai akwai kuɗin magani da na awo. Wanda ya tara maka kuɗi jiya, da wane ido za ka koma masa duk wata? Ga shi kana jin ƙarfi, kana cin tuwo, kana fita. Ka tsallake na dare ɗaya ka wayi gari lafiya lau, ka tsallake na biyu haka. Zuciya sai ta ce ashe jiki ya saba. Ni ma na yi, wata 3, shekara ta biyar. 'Yata ce ta ƙirga ƙwayoyin ta kama ni. Allah ne ya rufa mini asiri, ba dabarata ba. Ɗan_Fagge, kada ku taru a kansa. Kunya ce ta kai shi nan, in kuka ƙara masa wata zai sake ɓoyewa.

Likita_Sabongari: Baba ya faɗi gaskiya, kuma ba halin mutanenmu ba ne kawai. A Edmonton ta Kanada an bi diddigin dalilin mutuwar ƙodar dashe, aka fitar a 2012: kusan biyu bisa uku ƙin jiki ne, kuma kusan rabin waɗannan likitocinsu sun riga sun lura ba sa shan magani yadda ya kamata. Can inda ake da tallafi ke nan. Ɗan_Fagge, abu mafi amfani da za ku yi gobe shi ne ku gaya wa likitansa wannan labarin yadda ka rubuta shi. Yana ganin awon takrolimus mai kyau a takarda, yana lissafi a kan abin da ba haka yake ba.

Ummu_Khalil: Ina so in yi gyara kafin zaren nan ya sa kowa ya ɗauka duk wanda antibodi ya kama shi ne ya yi sakaci. Ni ban taɓa tsallake ko ƙwaya ɗaya ba, Allah shaida. Wata ƙwayar cuta da ake kira BK ce ta taso mini a shekarar farko, dole likitoci suka rage mini magani don ita ma tana cin ƙoda. Ta lafa, bayan shekara sai ga DSA a kan DQ, wani nau'i na alamomin HLA. Gaba kura baya sayaki. Duk wanda ya ji labarina tambayarsa ta farko ita ce ko na daina shan magani, abin yana yi mini ciwo.

Likita_Sabongari: Kin yi daidai Hajiya, na karɓi gyara. Rage magani saboda wata cuta, yawan bambancin HLA musamman DR da DQ, ƙuruciya, duk suna ciki. Wani kuma ba a gano dalili.

Mai_Haɗa_Magani: Ƙari a kan na Ummu_Khalil. Mutum yana iya shan ƙwayarsa cif amma ba ta zauna a jini ba. Yawancin baƙar fata muna da wani sinadari a hanta da hanji, CYP3A5, mai saurin narkar da takrolimus, wanda yawancin Turawa nasu ba ya aiki. Shi ya sa mu sau da yawa sai an ba mu adadi mai yawa kafin awo ya kai inda ake so. Kada ka kwatanta yawan ƙwayarka da ta wani. Sannan rifamfisin na tarin fuka, wanda ke mai da fitsari ja, yana zubar da takrolimus ƙasa warwas. Garehul kuma yana ɗaga shi, gudawa ma tana ɗaga shi. Awon kansa da safe ake ɗiba, awa 12 bayan na dare, kafin a sha na safe. In ka sha sannan aka ɗiba, lambar banza ce. Kuma don Allah a bar daiklofenak da aibufurofen na kemis.

Ɗan_Fagge: To yanzu akwai magani? An ce za a yi masa wankin ruwan jini da wani ƙarin ruwa mai tsada. Mu sayar da fili ko kuwa zubar da kuɗi ne?

Likita_Sabongari: Tambaya mai nauyi. Wankin ruwan jini yana kwashe antibodin da ke yawo, ƙarin ruwan kuma, IVIG, antibodin mutane masu lafiya ne da aka tattara, yana rage kaifin na majinyaci. Ana haɗawa da sitiroyid. In cutar sabuwa ce, a makonnin farko bayan dashe, wannan yana ceto ƙoda sosai. In ta daɗe ta yi tabo, amfaninsa yana raguwa, don an kwashe ruwa ne ba a toshe idon rijiyar ba: ƙwayoyin da ke ƙera antibodin suna zaune a ɓargo. Tabon da ya riga ya zauna kuma ba ya gogewa. cg1 ba shi ne mafi muni ba, ma'aunin yana kaiwa 3. Ku tambayi likitansa kai tsaye: nawa ne kumburi mai rai a tsokar, nawa ne tabo, kuma me yake sa ran samu da wannan kuɗin? Abin da ba shi da musu shi ne komawa cikakken magani, saita hawan jini, da maganin rage yoyon furotin. Kada ku sayar da abin da zai sayi maganin shekara 3 don jinyar sati 2, sai in likitan ya nuna muku dalili.

Gaskiya_Ɗaci: Na janye zargina a kan gwajin. Amma Likita, a kai shi Indiya mana ko Masar, ai can akwai allurai.

Ɗaliba_A_Jamus: Kawu, allurai akwai, hujja ce ta yi ƙaranci. Rituksimab an gwada a Faransa, ƙara shi a kan jinyar da aka saba bai nuna fifiko ba. Bortezomib an gwada a Biyana ta Ostiriya, aka fitar a 2018, a kan masu cutar da ta daɗe, bai hana ƙoda ci gaba da rauni ba, sai ƙarin illa. Kilazakizumab an fara babban gwaji a ƙasashe da yawa, aka tsayar don ba a ga alamar zai yi amfani ba. Wanda ya sa mutane murna shi ne felzartamab, a 2024, a Biyana da Balin ta Jamus: mutum 22 kawai, cikin 11 da suka samu 9 kumburin ya lafa bayan wata 6, a waɗanda ba su samu ba kuwa 2 cikin 10 da aka duba. Amma da aka daina bayarwa ya dawo wa wasu. Gwaji ne ƙarami, a lokacin ba a kai ga sayar da shi don wannan cutar ba. Duk wanda ya yi muku alkawarin warkewa tas in kun biya, ku yi hattara.

Malam_Na_Zangon_Kumasi: Ni dai shawarata a haɗa da na gida. An ce zogale da habbatus sauda suna ƙara garkuwar jiki.

Nas_Wankin_Ƙoda: Malam, Allah ya saka da niyya, amma a nan garkuwar ce ke cin ƙodar. Ƙarfinta ne ya yi yawa. Jiƙe-jiƙe kuma yawancinsu ba a san yadda suke yi da takrolimus ba. Addu'a da sadaka a yi ta yi, abin sha kuwa sai an nuna wa likita.

Baban_Sadik: Tunda an zo nan, azumi ma wuri ne da ake tsallake magani ba a sani ba. Cikin na 8 na safe da 8 na dare, na safen yana faɗowa tsakanin sahur da buɗa-baki, lokacin da mutum yake azumi. Ni shekarar farko ban yi ba sam, na ciyar. Yanzu likitana yana duba awona kafin Ramadan, shi yake tsara mini lokutan. Akwai shekarar zafi da ya ce in bari, na bari.

Ɗan_Maraɗi: Tambaya a gefe: abokina hanta aka dasa masa, maganinsa bai kai nawa ba. Me ya sa?

Ɗaliba_A_Jamus: Hanta ta fi jure antibodi nesa ba kusa ba, tana iya shanye da yawa, har in aka dasa hanta da ƙoda tare daga mutum ɗaya takan ɗan kare ƙodar. Zuciya da huhu kuwa suna shan wahala kamar ƙoda, kuma su babu injin wanki da za a koma.

Abu_Sumayya: Baban_Sadik, na karanta naka sau biyu. Na yi gaggawa, Allah ya yafe mini. Ɗan_Fagge, in ta kama a sake dashe ai kana nan, ko?

Mai_Awon_Jini: Ba nan take ba. Yanzu jinin Yayan ya haddace alamomin ƙanwar. In Ɗan_Fagge ya gaji ƙunshi ɗaya da ita, wanda antibodin ke hari, to shi ma an rufe ƙofarsa, kamar yadda ta faru da ɗan Maman_Ikram. Sai an auna kowa a gidan. Dashe na biyu kullum ya fi na farko wuyar samun wanda ya dace. A wasu ƙasashe ana musaya tsakanin iyalai biyu, naka ya ba nasu, nasu ya ba naka, Koriya ta Kudu ce ta fara a 1991. Turai kuma ta amince da imlifides a 2020, allurar da ke datse antibodi cikin awoyi don a sami damar dasawa, amma ga 'yan ƙalilan ne kuma tsadarsa ba a magana. Ƙodar da ke jikinsa yanzu ita ce mafi araha da zai taɓa samu, ko shekara nawa aka ƙara mata riba ce.

Maman_Ikram: Kowa yana maganar Yaya. Ƙanwar fa? Ta sani?

Ɗan_Fagge: Ta sani Anti, amma ba duka ba. Ta kira ni daren jiya tana tambaya ko ƙodarta ce ba ta da kyau. Na karanta mata abin da Likita ya rubuta, cewa wadda ba ta da kyau ba ta shekara 4. Maganar tsallake magani na bar wa Yaya ya faɗa mata da bakinsa.

Yau da safe mun je asibiti ni da shi da matarsa. A mota na ce masa na sani, ban ƙara komai ba. Ya kalli taga har muka isa. A gaban likita shi da kansa ya faɗa, tun daga watan da ya fara. Likitan bai yi faɗa ba, ya ajiye biro ya ce yanzu ne lissafi ya fito. An mayar da shi cikakken magani, an ƙara na hawan jini, za a aika jininsa a auna ƙarfin DSA ɗin kafin a yanke maganar wankin ruwan jini. Mu 5 ne 'yan ɗakinmu, mun raba kuɗin maganin wata-wata, ni zan riƙa saya ina kaiwa da hannuna. Filin mun dakata.

Ummu_Khalil: Allah ya dafa muku. Nawa DSA ɗin shekara 3 ke nan ana fama, kiriyatinin yana 160 bai wuce ba. Ku sayi ɗan akwatin nan mai gida-gida na kwanakin mako, matarsa ta riƙa cikawa duk Juma'a.

Gaskiya_Ɗaci: Ni har yanzu abin da ke damuna, me ya sa ba a auna DSA ɗin nan duk shekara tun kafin ƙafa ta kumbura?

Mai_Awon_Jini: Wasu cibiyoyin suna yi, wasu sai in an ga alama, kuma masana kansu ba su gama daidaitawa a kan amfanin auna kowa da kowa ba. A wajenmu ga tsada, ga ƙarancin wuraren da ke da injin. Amma awon furotin a fitsari yana da araha, kusan kowane ɗakin awo yana yi, kuma sau da yawa yana riga kiriyatinin magana.

Ɗan_Maraɗi: Wata 8 rabona da awon fitsari. Na safe ake kaiwa ko kowane lokaci?

Nas_Wankin_Ƙoda: Na farkon safiya ya fi. Ka ce a haɗa maka furotin da kiriyatinin na fitsarin, kuma ka tafi da tsohuwar takardarka a kwatanta.